Cinikin Kwanaki a Makka: Daga Ribaɗin Mahajjata zuwa Hasumiyar Zamzam

Masauki shi ne tsohuwar hajar Makka. Garin yana kwance ne a cikin matsattsen kwari tsakanin duwatsu, ba gona ba kogi, kuma tun kafin zuwan Musulunci abin da ke ciyar da mutanensa shi ne baƙon da ya zo ziyarar Ɗakin Allah da fataucin da ke biyo sawunsa. Baƙon nan ba zama ya zo yi ba. Inuwa yake nema ta 'yan kwanaki ko 'yan watanni, a daidai lokacin da dubban irinsa suke nemanta, sa'an nan ya kama hanyar gida. Shi ya sa cinikin da ake yi da shi, ƙarni bayan ƙarni, ya fi karkata ga lokaci fiye da ƙasa: dare nawa, a wane wata, taku nawa daga Harami. Takardun mallakar kwanaki da aka sayar a dogayen benayen Makka a wannan zamani sabon salo ne na wancan tsohon ciniki, haka ma damfarar da ke bin su.

Malaman farko ba su ma yarda baki ɗaya cewa ya halatta a karɓi kuɗin haya a Makka ba. Masu hanawa sun kafa hujja da aya ta 25 a Suratul Hajji, wadda ta daidaita mazaunin wurin da wanda ya zo daga nesa a haƙƙin Masallaci Mai Alfarma, suka ce hukuncin ya game dukan garin. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana mutanen Makka sanya wa gidajensu ƙofofi domin mahajjaci ya sauka a duk farfajiyar da ya samu, kuma Umar ɗan Abdul'aziz ya rubuta wa gwamnansa a can yana hana karɓar haya. Masu halattawa kuma suka ce ai Alƙur'ani ya jingina wa Muhajirai gidajen da aka fitar da su daga ciki, Aƙilu ɗan Abu Ɗalib ya sayar da gidajen danginsa ba a warware cinikin ba, sa'an nan a zamanin Umar ɗin kansa aka sayi gidan Safwanu ɗan Umayya a kan dirhami 4,000 aka mai da shi kurkuku. Muhawarar da ta fi shahara a wannan babi ita ce wadda aka yi tsakanin Imamu Shafi'i, mai halattawa, da Is'haƙu ɗan Rahawaihi, mai hanawa, Imamu Ahmad ɗan Hambali yana wurin. Abu Hanifa ya ƙyamaci hayar a kwanakin aikin hajji, ruwayoyi kuma sun saɓa daga Imamu Malik.

Aiki dai ya gudana a kan halacci, don gari ba ya rayuwa ba tare da abin shiga hannu ba. Amma ra'ayin masu hanawa bai mutu ba. Ya bar wa Musulmi jin cewa kwana a maƙwabtakar Ka'aba ba haja ba ce irin sauran hajoji, kuma daga wannan jin ne ribaɗi ya samu gindin zama.

Ribaɗi a Makka gida ne na waƙafi da wani sarki ko attajiri ya gina domin talakawan baƙi, ko ɗalibai, ko mutanen wata ƙasa ta musamman. Wanda ya sauka a ciki moriya kawai yake da ita. Ba ya sayarwa, ba ya bar wa magada, kuma sharaɗin mai waƙafi ne ke faɗin wanda ya cancanta da tsawon zamansa. Ramisht, wani hamshaƙin ɗan kasuwa daga Siraf a gaɓar tekun Fasha, ya kafa nasa a wajajen 1135. Masanin tarihin Makka Taƙiyyuddin al-Fasi, wanda ya rasu a 1429, ya jera ribaɗoɗi da yawa a littafinsa Shifa'ul Garam, tare da sunayen masu waƙafin da waɗanda aka yi dominsu. Sarkin Masar Ƙa'itbay ya gina makaranta da ribaɗi jingine da Harami, ya kuma zo hajji da kansa a 1480. Marubuta da dama suna danganta asalin sana'ar muɗawwifai, wato masu yi wa mahajjata jagora, da wannan zuwa nasa, domin alƙalin Makka ne ya yi masa jagorar ɗawafi yana laƙƙana masa addu'o'i.

Sarakunan Afirka ta Yamma ba a bar su a baya ba. A tsakiyar ƙarni na 13 mutanen Kanem sun sami makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira, wadda ta zama zangon ɗalibansu da mahajjatansu. Askiya Muhammadu na Songhai, a tafiyar hajjin da ya fara a 1496, ya sayi lambuna a Madina ya waƙafta su ga mutanen Takrur, wato Afirka ta Yamma, kamar yadda Tarihus Sudan ya kawo. Ana kuma ambaton Mai Idris Aloma na Borno da tanadar wa mutanensa masauki a Makka.

Makomar irin waɗannan gidaje ta dogara ga takarda fiye da komai, kuma misalai biyu daga gabas sun isa shaida. A 1809 wani bawan Allah da ake kira Habib Bugak ya waƙafta gida kusa da Harami domin mahajjatan Aceh, a gaban alƙali, da rubutaccen sharaɗi. Da faɗaɗa masallaci ya cinye gidan, aka biya diyya, masu kula da waƙafin suka sayi wasu filaye, aka gina otal-otal a kansu, kuma har yau mahajjatan Aceh suna karɓar kasonsu na kuɗi a Makka kowace shekara. Shi kuwa ribaɗin Keyi, wanda wani attajirin Kerala ta Indiya ya gina a shekarun 1870, an rushe shi a shekarun 1950, amma diyyarsa ta shafe shekaru da dama a ajiye saboda an kasa daidaitawa a kan ko waƙafi ne ko gado, da kuma waye magajin.

Ribaɗi bai taɓa wadatar da kowa ba, don haka mafi yawan mahajjata haya suke kamawa. Burckhardt, matafiyi ɗan ƙasar Suwizalan da ya zauna a Makka a 1814, ya lura cewa an tsara gidajen garin ne sassa-sassa, kowane sashe a ware, domin a saukar da baƙi da yawa a gida ɗaya. Ya kuma lura cewa da mahajjata suka ragu saboda yaƙe-yaƙen lokacin, gidaje da dama sun lalace don masu su ba su da kuɗin gyara. Al'adar da ta kafu ita ce maigida ya tattara iyalinsa su koma saman bene ko wani lungu idan baƙi sun fara isowa, ya bayar da sauran ɗakunan, abin da ya samu a 'yan makonnin nan ya ci da shi har shekara ta zagayo. Wani ma ba shi da gidan: ya kama na wani na shekara guda, ya yanka shi ɗaki-ɗaki ya ba alhazai, ribarsa tana tsakanin farashin biyu. Tun a nan aka fara samun tazara tsakanin mai gini da mai kwana, da mutum biyu ko uku a tsakiya.

Mafi ƙarfin mutanen tsakiyar shi ne muɗawwifi. Shi ke tarbar baƙo ta hannun wakilinsa a Jidda, ya nemo masa raƙumi, ya zaɓa masa ɗaki, ya kafa masa tanti a Arfa da Mina. Baƙon da bai iya Larabci ba, bai san farashi ba, ba shi da wani ido sai na muɗawwifinsa. Da yawansu sun riƙe amanar nan, har zumunci ya ƙullu tsakanin gidajensu da wasu garuruwa na zuriya bayan zuriya. Amma da aka buɗe mashigin Suwez a 1869 jiragen ruwa masu tururi suka ninka yawan baƙi, sai kuɗin da ke cikin harkar ya jawo hankalin masu mulki. Sharif Aunur Rafiƙ, wanda ya riƙe Makka daga 1882 zuwa 1905, ya riƙa sayar wa muɗawwifai takardun izini da ke keɓe wa kowannensu mahajjatan wani yanki. Wanda ya sayi izini da tsada kuwa, a jikin alhaji zai fanshe. Snouck Hurgronje, Baturen Holan da ya zauna a garin a 1885, ya yi dogon bayani a kan yadda ake tatsar mahajjatan Jawa. A 1893 kuma aka yi badaƙalar wani mai suna Herklots, wanda ya haɗa baki da masu iko aka tilasta wa mahajjatan Jawa sayen tikitin komawa gida ta hannunsa.

A wannan zamanin ne kuma aka fara toshe wa baƙo hanyar mallakar ƙasa da doka. Dokar Daular Usmaniyya ta 1867, wadda ta ba 'yan ƙasashen waje damar mallakar gidaje da filaye, ta cire lardin Hijaz. Tsoron Istanbul shi ne kada Ingila da Holan da Faransa, waɗanda ke mulkin miliyoyin Musulmi, su sami kafar sa baki a Harami ta hanyar dukiyar talakawansu. Baƙon da ke son gida a Makka sai ya rage masa hanya biyu: ko ya yi waƙafi, ko ya saya da sunan ɗan gari. Hanya ta biyu ta cinye dukiyar mutane da yawa, domin idan mai sunan ya rasu, magadansa abin da ke rubuce suka sani.

Hausawa sun shiga wannan labari ne galibi da ƙafa. Masu tafiyar ƙasa ta Borno da Wadai da Darfur zuwa Sawakin sukan yi shekaru a hanya suna noma da leburanci. Bayan faɗuwar Sakkwato da yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ayarin masu hijira ya ƙaru: wasu suka tsaya a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wasu suka ƙetara Bahar Maliya. Waɗanda suka zauna a Makka su ne asalin gidajen da ake yi wa laƙabi da Hausawi da Fallata da Barnawi, kuma unguwanni irin su Misfala da Jarwal da Hindawiyya da Shara Mansur sun zama wuraren da Bahaushe ke jin harshensa a titi. Alhajin da ya zo daga Kano ko Katsina ko Maraɗi yakan sami ɗaki ta hannun ɗan garinsu, bisa amana da sanayya, ba rasit ba shaida. Jirgin sama ya gajarta tafiyar daga tsakiyar ƙarni na 20, Nijeriya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975 sa'an nan NAHCON a 2006, Saudiyya kuma ta tattara muɗawwifai cikin mu'assasoshi a farkon shekarun 1980, har da wadda ke kula da mahajjatan Afirka da ba Larabawa ba. Duk da haka ɗabi'ar dogaro da bakin ɗan'uwa ba ta gushe ba, kuma ita ce ƙofar da mazambaci ya fi saurin shiga ta cikinta.

Abin da ya sauya fuskar garin ɗungurungum shi ne faɗaɗa Harami. An fara na zamanin Saudiyya a 1955 lokacin Sarki Sa'ud, aka yi na Sarki Fahad daga 1988, sa'an nan na Sarki Abdullahi wanda ya share unguwar Shamiyya daga 2008. Kowane faɗaɗawa yana cinye tsofaffin gidajen haya, yana tura talaka nesa, yana ninka darajar abin da ya rage a kusa. A Janairun 2002 aka rushe ganuwar Ajyad ta zamanin Usmaniyya, duk da ƙorafin Turkiyya, aka baje dutsen da take kai, aka fara gina Abrajul Bait, rukunin benayen da dogon cikinsu mai agogo ya kai mita 601. Filin na Waƙafin Sarki Abdul'aziz ne, wanda amfaninsa ke komawa ga hidimar masallatai biyu masu alfarma. Waƙafi ba ya sayuwa, saboda haka aka ba kamfanin Binladin filin na wani wa'adi, ya gina, ya ci moriya, ya mayar.

Daga cikin benayen akwai Hasumiyar Zamzam, wadda kamfanin Munshaat na Kuwait ya karɓi hayarta ta shekara 24. Maimakon ya ciwo bashi, sai ya yanka shekarun nan kwanaki-kwanaki ya sayar wa jama'a a matsayin takardun moriya, waɗanda ake kira sukukul intifa'i, da jimillar darajarsu ta kai dala miliyan 390. An fara wannan a 2003. Kowace takarda tana ba mai ita damar zama a wani irin ɗaki na wasu kwanaki ƙididdigaggu a kowace shekara har wa'adin ya cika, kuma farashi ya bambanta gwargwadon girman ɗakin, da ko tagarsa tana kallon Ka'aba, da lokacin: kwanakin hajji da goman ƙarshe na Ramadan ba ɗaya suke da sauran watanni ba. Mai takarda yana iya zuwa da kansa, ko ya musanya kwanakinsa, ko a ba wani haya a madadinsa, ko ya sayar da takardar. Ta wannan hanya Musulmin da doka ta hana shi mallakar ko taku ɗaya a Makka ya sami abin da ya yi kama da ɗaki nasa.

Tsarin ba a Makka aka ƙirƙiro shi ba. Ya samo asali a Turai a shekarun 1960, da kamfanin Hapimag na Suwizalan da aka kafa a 1963 da wani wurin shaƙatawa a tsaunukan Faransa, ya bunƙasa a Amurka bayan an kafa kamfanin musayar makonni na RCI a 1974. Amma fiƙihu ya riga ya san makamancinsa a babin muhaya'a, wato abokan tarayya su riƙa morar abu ɗaya karɓa-karɓa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na 18 a Putrajaya ta Malesiya a Yulin 2007, ta halatta shi ta fuska biyu: ko mutum ya sayi kaso na ainihin ginin, ko ya yi hayar moriyarsa na wani lokaci, da sharaɗin a san abin da aka ƙulla a kai sani mai kore jahilci. Ita ma Saudiyya ta fitar da dokar wannan harka a 2006, wadda ta wajabta lasisi ga mai sayarwa, ta kuma ba mai saye kwana goma ya janye idan ya sake shawara. Bambancin nan na fuska biyu shi ne zuciyar maganar, domin a wancan lokacin a Makka baƙo fuska ta biyu kaɗai yake iya samu. Dokar mallakar gidaje ta shekarar 2000 ta hana wanda ba ɗan Saudiyya ba mallaka a Makka da Madina sai ta hanyar gado ko waƙafi.

Matsala takan taso ne ranar da mai takarda ya so rabuwa da ita. Dalilan ba su da wuyar ganewa: tsufa, mutuwar mai ita da rabon gado, tashin kuɗin hidimar gini da ake biya duk shekara ko an zo ko ba a zo ba, faɗuwar darajar naira. A 2020 annobar korona ta rufe umara watanni, aka taƙaita hajji ga 'yan tsirarun mazauna Saudiyya. Sa'an nan ita kanta takardar dukiya ce mai narkewa. Gida yakan ƙara daraja da daɗewa, amma moriyar shekara 24 da aka ci 18 daga ciki, shida ce ta rage, komai tsadar unguwar. Mai sayarwa yakan tuna abin da ya biya, mai saye kuwa shekarun da suka saura yake ƙirgawa, kuma babu wata babbar kasuwa da ake buga farashi a fili. Mutumin da ya gaji da jira, ya sa talla a intanet da lambar wayarsa, ya riga ya sanar da duniya cewa yana cikin matsi.

Salon damfarar da ke biyo baya sananne ne, hukumomin kare masu saye a Amurka da Turai sun daɗe suna gargaɗi a kansa. Wani zai kira ko ya turo saƙo ta WhatsApp ya ce shi dillali ne, yana da mai saye a hannu, attajiri ne mai gaggawa, kuma farashin da zai ambata ya fi abin da mai takarda ya yi tsammani. Sai takardu su biyo baya da tambari da hatimi, wani lokaci da sunan kamfani na gaskiya wanda bai san ana yi ba. Daga nan a ce saura abu ɗaya: kuɗin rajista, ko haraji, ko kuɗin lauya, ko na sauya suna, a tura yau za a mayar idan ciniki ya kammala. In an biya, gobe wani kuɗin zai ɓullo. Idan mutum ya farga ya daina, bayan 'yan watanni sai wani ya kira a matsayin lauya ko jami'in gwamnati mai ƙwato wa waɗanda aka cuta haƙƙinsu, shi ma da nasa kafin alƙalamin. Harkar ta girma har Ma'aikatar Kuɗin Amurka ta sanya takunkumi a 2023 a kan kamfanonin da ke da alaƙa da ƙungiyar masu safarar ƙwayoyi ta CJNG a Meziko, hukumar FBI kuma ta ƙiyasta cewa Amurkawa kusan 6,000 sun yi asarar kusan dala miliyan 300 tsakanin 2019 da 2023. A Nijeriya wannan shi ne laifin da ake kira 419, wanda dokar 2006 ta zambar karɓar kuɗin gaba ta tanadar wa hukunci, EFCC kuma ke bincikensa.

Ɗan kasuwar Kurmi ko Kantin Kwari ba ya buƙatar a koya masa maganin wannan, domin a al'adar dillanci la'ada tana fita ne bayan ciniki ya faɗa, daga cikin kuɗin da aka biya. Tarayyar Turai ma abin da ta rubuta ke nan a dokarta ta 2008: an hana dillalin sake sayarwa karɓar ko kwabo kafin a sayar, an kuma ba mai ƙulla yarjejeniya kwana 14 na janyewa. Dillalin da ya nemi kuɗi tun kafin a ga mai saye ya riga ya bayyana kansa.

Makka tana da nata ƙarin tarkunan da babu su a bakin tekun Sifen ko Meziko. Na farko, takardar ɗaki ba biza ba ce, ba kuma kujerar hajji ba ce. Tun ƙarshen shekarun 1980 ake raba kujeru bisa ƙa'idar mutum dubu ga kowane miliyan na Musulmin ƙasa, kuma a kwanakin hajji ba a barin mai bizar ziyara ya zauna a Makka ko da yana da ɗaki. Duk mai tallar kwanakin Zulhajji da alƙawarin cewa ɗakin zai shigar da mutum, ƙarya yake sayarwa. Hatsarin ya wuce asarar kuɗi: a hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu cikin tsananin zafi, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin hajji, Masar kuma ta ƙwace lasisin kamfanoni 16 da suka yi jigilar irinsu. Na biyu, kalanda. Shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka makon da aka rubuta da watan Bature zai faɗa cikin Ramadan na 'yan shekaru ne kawai ya wuce, kuma wa'adin da aka ƙirga da shekarun Hijira ya fi saurin ƙarewa. Na uku, kalmar kusa da Harami da ake yawan gani a talla tana iya nufin taku ɗari, tana iya nufin tafiyar mota ta ramin dutse daga unguwar Kudai ko Aziziyya. Na huɗu kuma, wanda ya fi zafi, shi ne rigar addini. Mai saye yana ganin ibada yake tanada wa kansa da iyayensa, yana jin nauyin tuhumar wanda ya buɗe magana da sallama da salati, ya kuma aiko hoton Ka'aba daga taga. Wannan kunya ce mazambaci yake ci da ita, alhali ayar bashi a Suratul Baƙara, mafi tsawon aya a Alƙur'ani, umarni ce da rubutu da kafa shaidu tsakanin muminai.

Hanyar da ke kuɓutar da mai sayarwa da mai saye ɗaya ce, kuma tana farawa daga kamfanin da ya fitar da takardar ko mai gudanar da ginin, ta lambar da ke jikin ainihin yarjejeniyar, ba wadda dillali ya bayar ba. Su ne ke riƙe da rajistar masu moriya. Su za su faɗi ko sunan mai sayarwa yana ciki, shekara nawa suka rage, ko akwai bashin kuɗin hidima, ko sharuɗɗan sun yarda a sauya suna zuwa ga wanda ba ɗan ƙasa ba, da nawa ake biya a kan haka da asusun da ake biya. Har sai sabon suna ya shiga rajistar nan, ba a yi ciniki ba, komai kyan takardar da aka turo ta waya. Kuɗi kuma ya bi ta banki zuwa asusun kamfani mai suna, ko ya zauna a hannun lauyan da ɓangarorin biyu suka zaɓa har a kammala. Mai sayarwa ya duba asusunsa da kansa, don alat na bogi da rasit ɗin da aka gyara a kwamfuta sun zama ruwan dare. Bai kamata ya tura hoton fasfo da na takardar moriya ga wanda bai tantance ba, domin da su ake zuwa a damfari wani da sunansa. Idan harkar ta haɗa da tafiya, NAHCON tana fitar da sunayen kamfanonin jirgin yawo masu lasisi, a Nijar akwai hukumar COHO, Saudiyya kuma tana tantance izini da masaukai ta manhajar Nusuk.

Magada suna da nasu aikin na daban. Takardar moriya tana shiga gado kamar sauran dukiya, tare da nauyin kuɗin hidimar da ke kanta, kuma kamfani ba zai saurari ɗaya daga cikin 'ya'ya ba sai da hukuncin kotu na rabon gado da wakilcin da aka tantance a ofishin jakadanci. Masu damfara sukan nemi irin waɗannan iyalai da gangan, don sun san ba su ga yarjejeniyar asali ba, ba su san darajarta ba.

Dokar ƙasa kuma tana ci gaba da motsi. A Janairun 2025 hukumar kasuwar hannun jari ta Saudiyya ta ba baƙi damar sayen hannun jari a kamfanonin da ke da gine-gine a Makka da Madina, da iyakar kashi 49 cikin ɗari. A Yulin shekarar aka amince da sabuwar dokar mallakar gidaje ga waɗanda ba 'yan ƙasa ba, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta kuma keɓe biranen biyu da sharuɗɗa na musamman, ciki har da kasancewar mai mallaka Musulmi, kuma a yankunan da gwamnati ta ayyana kaɗai. Sabuwar dokar ba ta mai da tsohuwar takardar moriya shaidar mallaka ba. Wanda ya zo da maganar a biya wani kuɗi domin a juya wannan zuwa waccan, tsohon tarkon kuɗin gaba ne ya sake wa riga. Benayen da aka gina a filin waƙafi kuwa, idan wa'adin hayarsu ya cika, moriyar masu takardu ta ƙare, ginin ya koma hannun waƙafin kamar yadda aka ƙulla tun farko.